Yadda Ake Shawo Kan Ɓarnar Wuta a Gidan Haya Idan Kuɗin Wuta na Cikin Kuɗin Haya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kula da gidajen haya a Agege ta Jihar Legas, biyu a wajen Zango, ɗaya can kusa da Oko-Oba. Masu gidajen suna Arewa. Ni nake karɓar haya, ni nake loda wuta, ni kuma ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan mita ta fara kukan ƙarewa. A da, haɗa kuɗin wuta da kuɗin haya ya sauƙaƙa mana rayuwa, don babu bin ɗaki-ɗaki ana karo-karo, babu cacar baki a tsakar gida. Sai ga watan Afrilun 2024, hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin masu Band A daga wajen N68 zuwa N225 kan yunit ɗaya, daga baya a watan Yuli ya tsaya a N209.5. Ɗaya daga cikin gidajen da nake kula da su yana kan irin wannan layin, wanda aka ce za a riƙa ba shi wutar aƙalla awa 20 a rana. Katin da yake kai mu wata guda ya koma ƙarewa a kwana goma, ga wutar ta yawaita, ga ta yi tsada, ga kuma 'yan haya da ba su da dalilin kashe komai tunda sun riga sun biya.

Idan yanzu aka damƙa maka irin wannan gida, ga yadda nake bi. Gaba ɗayan aikin awo ne. Kada ka zargi kowa sai ka auna.

Kayan da za ka tanada

Littafi mai kauri guda ɗaya wanda ba za ka rubuta komai a ciki ba sai lissafin wuta, da biro. Wayarka, don ɗaukar hoton mita. Rasidan katin wuta na wata uku ko shida da suka wuce; idan ta banki kake saya, saƙonnin suna nan a wayarka. Takardar yarjejeniyar haya ta kowane ɗan haya. Ƙananan mitoci, ɗaya ga kowane ɗaki ko fulat, da ƙari ɗaya na kayan tarayya. Ana samunsu a kasuwar Alaba International da shagunan kayan wuta na unguwa. Bireka, wato makunnin da yake yanke wuta da kansa idan kaya sun yi masa yawa, ɗaya ga kowane ɗaki. Akwati mai makulli wanda yake da gilashi a gaba, da za a jera mitocin a ciki. Sai mai aikin wuta wanda ya san aikinsa, ba yaron da ya koyi ɗaura fanka jiya ba.

Idan da hali, sayi 'yar na'urar nan da ake cusawa a soket sannan a jona kaya a jikinta, tana nuna wat nawa abu yake ja. Idan babu, za ka ga wata hanyar a mataki na 3.

Mataki na 1: San abin da ake kira yunit

Kowane kayan wuta yana da lamba a jikinsa da harafin W a gefe, wato wat. Abin da yake jan wat 1,000, idan ya yi awa ɗaya a kunne, ya ci yunit ɗaya. Iyakar karatun ke nan. Fanka tana jan wajen wat 70, ƙwan LED wajen 10, dutsen guga daga 1,000 zuwa sama, hita irin ta tsomawa a bokiti da risho mai wuta daga 1,000 zuwa 2,000, na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi wajen 1,100.

Ka ga ke nan duk abin da yake samar da zafi ko sanyi shi ne mai cin wuta. Risho mai wat 1,500 da aka yi girkin awa biyu kullum a kansa ya ci yunit 3 a rana, 90 a wata. A farashin N210, kusan N19,000 ke nan kafin harajin VAT na kashi 7.5. Fanka kuwa sai ta yi awa 14 tana juyawa kafin ta ci yunit ɗaya. Na faɗi wannan ne saboda na sha ganin mai gida yana masifa a kan ƙwan da aka bari a kunne a banɗaki, alhali wake na dahuwa a kan risho a ɗakin da ke kusa da shi.

Don sanin ainihin farashin da kake biya, ɗauki rasidi ka raba kuɗin da ka biya da yunit ɗin da aka ba ka. Amma duba da kyau ko ana cire tsohon bashi daga kuɗin. Idan ana cirewa, wannan bashin na mai gida ne ko na waɗanda suka tashi, ba halal ba ne a ɗora wa wanda ya shigo bara.

Mataki na 2: Yi mako guda kana karanta babbar mita

Kafin ka ce wa kowa uffan, karanta mita sau biyu a rana, bayan sallar asuba da bayan isha'i, har kwana bakwai. Rubuta ragowar yunit, ka ɗauki hoto, ka kuma rubuta awa nawa aka ɗauke wuta a ranar. Mutane suna manta na ƙarshen nan, sai su kwatanta ranar da aka yi awa 22 da wuta da ranar da aka yi awa 9, lissafin ya rikice.

Bayan mako za ka ga halin gidan. Idan wuta tana zuba da asuba, ruwan wanka ake dafawa da hita. Idan da yamma ne, girki ne. Idan dare ne, na'urar sanyaya ɗaki ce ko firiza. Idan kuma da rana tsaka lokacin da kowa ya tafi Mile 12 ko abbatuwa neman abinci, to akwai abin dubawa sosai: ko sana'a ake yi a wani ɗaki, ko wutar tana fita waje.

Mataki na 3: Fara da naka ɓangaren kafin ka shiga ɗakin kowa

A nan na fi son ka tsaya, don a nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. A gidan Oko-Oba akwai wani bawan Allah mai wanki da guga, ɗan Katsina, mai shiru-shiru. Da kati ya fara ƙarewa da wuri, kowa shi ya nuna, ni ma na bi. Na tare shi a gaban mutane na ce, "Malam, gugar kasuwa a wutar gida ba ta yiwuwa." Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, da gawayi nake guga, zo ka gani." Na shiga, ga dutsen gawayi nan da buhun gawayi a bayan ƙofa, ko soket ɗinsa ɗaya ya lalace. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan da bai zama ba. Na ba shi haƙuri a gaban waɗanda na yi masa faɗa a gabansu, amma bai ƙara sakin jiki da ni ba har ya tashi.

Abin da ke cin wutar injin jan ruwa ne. Babu na'urar da ke kashe shi idan tanki ya cika, sai a kunna a manta, ruwa na ta kwarara ta bayan gida zuwa kwata, wani lokacin awa huɗu. Injin doki ɗaya yana jan wajen wat 750, ka lissafa. Ga kuma tsohuwar firizar mai gida a baranda wadda robar murfinta ta yage, injinta ba ya hutawa dare da rana.

To ga gwajin. Zaɓi ranar hutu da kowa yake gida, ka sanar da su tun jiya. Ka roƙi kowa ya kashe komai ya zare filogi na minti goma, kai ma ka kashe injin ruwa da fitilun waje. Je ka tsaya a gaban mita. Akwai 'yar jar fitila da take ƙiftawa gwargwadon wutar da ake ja. Idan an kashe komai amma tana ci gaba da ƙiftawa, wuta na zurarewa ta lalatacciyar waya ko wani ya ja layi. Bi wayoyin da ido, musamman ta saman silin da bayan katanga inda shago ko kes ɗin mai caji ya jingina da gidan.

Fitilar nan ita ce ma'auninka idan ba ka da na'urar awo. A fuskar mita za ka ga an rubuta lamba da imp/kWh a gefenta. Idan 1,000 ce, ƙiftawa dubu yunit ɗaya ne. Kunna abu ɗaya tak, ƙirga ƙiftawar minti ɗaya, ka ninka da 60, ka sami wat ɗinsa, muddin lambar mitarka 1,000 ce. Ƙiftawa 25 a minti wat 1,500 ke nan. Idan mitarka irin wadda aka ɗaura a saman falwaya ce, 'yar madannar kawai ke cikin gida, sai ka karanta ragowar yunit, ka bar abin a kunne minti talatin, ka sake karantawa, ka ninka bambancin biyu, ka sami yunit ɗin da yake ci a awa ɗaya.

Duk abin da ka gano a naka ɓangaren, gyara shi kafin ka tara mutane. Sa wa tanki na'urar kashe inji, canza ƙwayayen waje zuwa LED, gyara robar firiza ko a ɗauke ta.

Mataki na 4: Tara 'yan haya, ka buɗe musu littafi

Kada ka yi wannan zama ranar da kati ya ƙare, ranar kowa a fusace yake. Na fi son Lahadi bayan la'asar. Shimfiɗa tabarma, ajiye rasidai da littafin a tsakiya, ka faɗi nawa ake warewa daga haya don wuta, nawa kuma ake kashewa a zahiri. Kada ka ambaci sunan kowa. Matan gida su sami wakilci, ko matarka ta zagaya ta yi musu bayani, don su suka san abin da ake kunnawa da rana. Idan akwai Yarabawa ko Ibo a gidan, a maimaita da Turancin buroka don kada wani ya ce an yanke shawara a bayansa.

Za ka yi mamakin yadda masu ɗaki ɗaya da fanka ɗaya za su goya maka baya. Sun daɗe suna jin haushin kwana a duhu saboda girkin wani.

Daga nan sai ka nemi izinin zagayawa ka rubuta kayan wutar kowane ɗaki. Da sallama, da rana, mai ɗakin yana nan. Kada ka yi amfani da makullin ajiya ka shiga ɗakin mutum ba ya nan, ko da ka tabbata akwai abin da yake ɓoyewa.

Mataki na 5: Ɗaura wa kowane ɗaki ƙaramar mita

Wannan shi ne maganin gaske. Mai aikin wuta zai raba layi daga bayan babbar mita, kowane ɗaki da wayarsa, da birekarsa, da mitarsa, a jera su a akwati guda a wurin da kowa yake wucewa. Injin ruwa da fitilun waje su ma su sami tasu. A rubuta lambar ɗaki a jikin kowace da fenti.

Ka tsaya a kansa ranar aikin, don kura-kurai uku ake yawan yi. Na farko, a tsofaffin gidajen nan masu ɗakuna suna kallon juna, sau da yawa waya ɗaya ce ta bi ɗaki uku, sai mita ɗaya ta riƙa ƙirga wutar maƙwabci. Bayan an gama, kashe bireka ɗaya-ɗaya ka tabbatar ɗaki ɗaya ne kawai yake mutuwa, fitila da soket duka. Na biyu, soket ɗin kicin na tarayya. Idan aka bar shi a layin tarayya, duk risho can zai koma. Ko a cire shi, ko kowa ya sami nasa daga mitarsa. Na uku, siririyar waya mai araha. Ita ce take zafi ta narke idan aka jona hita, kuma gobara a gidan da ɗakuna suke manne da juna ba abin wasa ba ce.

Babbar mitar kamfani kuwa, kada kowa ya taɓa ta, kada a ɓalle hatiminta. Idan mai aikin ya rage murya ya ce zai iya zagaye ta don na'urar sanyaya ɗaki ta daina ci, sallame shi. Satar wuta laifi ne a dokar lantarki ta 2023, tarar kuma sunan mai gida za ta bi, ban da haƙƙin da ka ɗauka.

Idan babu kuɗin mitoci a yanzu, sa bireka mai amfiya 6 a kowane ɗaki. A wutar gida mai bolt 230, wannan wajen wat 1,400 ne: fanka, fitila, talabijin da ƙaramin firji za su yi aiki, amma risho da dutsen guga a tare za su faɗar da ita. Ba ta ƙirga komai, tana dai hana wuce gona da iri. Idan ita ma babu hali, a koma tsohon tsarin maki, inda kowane kayan wuta yake da makinsa a raba kuɗi a kai. Na yi shi shekaru, amma ya dogara ga gaskiyar mutane, kuma hita tana shiga aljihun jaka.

Idan kuma fulat-fulat ne masu wayarsu daban, ka huta da duk wannan: nemi wa kowanne mitarsa ta kati daga Ikeja Electric ko Eko, gwargwadon yankin da kake, a cire kuɗin wuta daga haya, kowa ya loda tasa.

Mataki na 6: Yanka kason da haya ta ɗauke

Tunda mutane sun saba da wuta a cikin haya, ban cika cire ta gaba ɗaya ba. Ina ware wa kowane ɗaki yunit ɗin da ya isa zaman yau da kullum, abin da ya haura mai ɗaki ya biya.

Ga lissafin ɗaki ɗaya. Fanka awa 12, yunit 0.84. Ƙwai biyu awa 6, yunit 0.12. Talabijin mai wat 60 awa 5, yunit 0.3. Cajin waya da gugar kayan sawa, a ce 0.3. Jimla wajen yunit ɗaya da rabi a rana, kusan 50 a wata. Mai ƙaramin firji ƙara masa wajen 30. Bar mitocin su yi wata guda suna aiki ba tare da ka caji kowa ba, ka gwada lissafinka da abin da suka nuna, sannan ka tsayar da kaso. A lokacin zafi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, fanka ba ta hutawa a Legas, ina ƙara kaɗan.

Rarar kuwa a farashin rasidi za a biya ta, ba ƙarin ko kwabo. Ranar da 'yan haya suka gane kana cin riba a wuta, littafinka ya zama takardar banza. Wutar tarayya a raba ta bisa yawan mutanen ɗaki, don mai iyali bakwai da gwauro ba ruwa ɗaya suke sha ba.

Masu sana'a a ɗaki a yi musu magana daban, cikin mutunci. Akwai wata baiwar Allah a gidan Zango mai firiza biyu, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, da azumi har layi ake yi a ƙofarta. Da mitarta ta nuna ta fi ɗakuna huɗu ci, na same ta da mijinta na ce, "Hajiya, ba hana ki za a yi ba, ga dai abin da firizojin suke ci." Ta karɓi littafin ta duba, ta ce a ba ta mako. Ta ƙara kaɗan a farashin ƙanƙara, ta sayar da tsohuwar firizar, tana biyan rararta kafin kowa.

Mataki na 7: Rubuta shi, kuma ka jira lokacinsa

Wanda ya biya hayar shekara a kan cewa wuta na ciki, ba ka da ikon canza masa sharaɗi a wata na biyar sai da yardarsa. Alkawari kaya ne. Lallashe shi, ko ka jira sabuntawa, ka kuma sanar da shi a rubuce tun da sauran watanni. A sabuwar takardar a sa yawan yunit na kaso, ranar karanta mita, yadda ake fitar da farashi, kwana nawa ake da su a biya rara, da kayan da sai an sanar kafin a shigo da su. Kowa ya sa hannu da shaidu biyu.

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce kuɗin hidima da aka karɓa ban da haya a ba da rasidinsa daban, kuma ɗan haya yana da haƙƙin a ba shi bayanin yadda aka kashe a rubuce aƙalla duk wata shida. Littafinka ya riga ya yi maka wannan aikin.

Mataki na 8: Karatun wata-wata

Rana ɗaya tsayayya, ni 1 ga wata nake yi bayan asuba, tare da ɗan haya ɗaya a matsayin shaida, ana juyawa. Ɗauki hoton kowace mita ka tura zauren WhatsApp na gidan. Haɗa jimlar ƙananan mitoci ka gwada da abin da babbar ta ci. Ɗan bambanci ba komai ba ne. Idan ya yi yawa, koma gwajin mataki na 3.

Mataki na 9: Idan wani ya ƙi biya

Yi masa magana kai da shi, sau ɗaya, sau biyu. Sau da yawa ba taurin kai ba ne, kasuwa ce ta tsaya, sai a raba masa biyan kashi-kashi. Idan ya ƙi, rubuta masa takarda ka ajiye kwafi. Idan ya ƙi, kai maganar ga limamin masallacinku ko shugaban 'yan garinsu, ko fadar Sarkin Hausawa idan ta kai ga haka. Yawancin rigingimun da na gani a nan suke mutuwa. Bayan wannan akwai cibiyar sasanci ta gwamnatin jiha, Citizens' Mediation Centre, wadda take sauraron rikicin mai gida da ɗan haya kyauta.

Abin da ba za ka yi ba shi ne yanke masa waya da hannunka, ko cire masa ƙofa, ko turo masa 'yan iskan unguwa. Dokar 2011 ta haramta tsoratar da ɗan haya ko fitar da shi da ƙarfi, sai ka wayi gari kai mai bin bashi kai ne a gaban alƙali. Idan zaman ya ƙi gaba ɗaya, ba shi notis yadda doka ta tsara idan yarjejeniyarku ba ta faɗi wani wa'adi ba: wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara. Ka tafi wurin lauya da littafin, da rasidan, da hotunan mita na kowane wata.